Kasuwa Ta Tashi Ta Bar Yaya

Mutum ya ba sittin baya, gemu ya yi fari fat, jikoki sun cika masa tsakar gida, amma har gobe sunansa Auta. Haka uwarsu ta kira shi, haka tasha ta ɗauka, haka aka zana a bayan babbar motar da ya tuƙa shekara talatin da ɗoriya. Direban dogon zango ne, irin waɗanda ba su san sunan titi ba sai kamanninsa. In ka tambaye shi hanya, cewa zai yi ka miƙe sai ka ga mai faci a gindin bishiya, ka karya kwana hagu, in ka ji ƙarnin kifi ka iso. Kuma sai ka isa ɗin. Abin da ya ɗora masa kai ke nan, domin a duk garuruwan da ya sani mai faci ba ya tashi daga gindin bishiyarsa sai mutuwa ta tashe shi, ita ma ɗansa take bar wa wurin.

Da likita ya leƙa idonsa ya ce tuƙin dare ya ƙare, ga matarsa Allah ya yi mata rasuwa, kowa ya ɗauka an samu tsohon ƙofar gida mai rediyo da carbi. Ina! Babbar 'yarsa tana aiki a kamfanin jirgin sama, ana ba ta tikiti mai rangwame. Auta ya je ya sayo jakar goyo, wata shirgegiya mai igiyoyi ta ko'ina kamar za a ɗaure ɗan maraƙi, ya shiga duniya. Otal ba ya gabansa. Masaukin 'yan yawo yake sauka, inda ake ɗora gado kan gado, ya kwana cikin yara sa'annin jikokinsa, su yi ta surutu da yaren da ba ya ji, shi kuma ya rama da minshari.

Tafiyar nan ce Yaya ta ce ƙafarta ƙafarsa. Yaya ita ta goya shi yana jariri, kuma ba ta taɓa barin ya manta ba. Tela ce ta ajiye keke, mijinta ya rasu, ciwon suga ya zauna mata. Ta ce ita ma za ta ga duniya tun idonta na gani.

A filin jirgi 'yar ta riƙe hannun uban ta ce, “Baba, Gwaggo tana allura da safe. In ta yi allurar nan, kafin rana ta raba lallai ta ci abinci. Lallai, Baba. Kuma kar ka bar ta ita kaɗai.”

“Ke, na kai fasinja dubu nawa gida lafiya kafin a haife ki?”

“Fasinjan buhu ne,” in ji Yaya. “Buhu ba ya ƙara.”

Birnin da suka sauka tsohon birni ne babba, kogi ya raba shi, gadoji sun ɗinke shi. Titunansa na dutse ne, lungu na shiga lungu, gidaje dogaye sun haɗa kafaɗa, kowanne kamar an yi shi da ƙwaryar awon ɗan'uwansa. Da safe Yaya ta yi allurarta a bakin gadon ƙasa, suka karya da shayi da burodi, Auta ya hau shirin kaya. A ƙa'idarsa fasinja ba ya tafiya da kaya a cinya. Don haka komai jaka: burodi da dafaffen ƙwai, dabino, lemon kwali, na'urar gwajin suga, fasfo, har wayar Yaya, wai rigarta ba aljihu kuma garin 'yan yawo ba ya rasa ɗan sane. Ya ja zif, ya saɓa, ya tsaya gaban madubi yana kallon kansa ta gefe.

“Kunkuru, mu je,” in ji Yaya.

Suka tsallaka gada. Suka ga wani ƙaton gini mai ginshiƙai da aka ce ya fi kakan kakansu tsufa. Suka ga gumakan dutse a kowace kwana, wasu bisa doki, wasu a tsaye tsirara haihuwar uwarsu. Yaya ta tsaya gaban ɗaya, ta auna shi da idon tela daga ƙugu zuwa idon sawu.

“Duk arzikin garin nan an rasa mai ɗinka wa bawan Allah nan wando?”

“Yaya, tarihi ne.”

“To tarihi ya ji kunya.”

Tana tsiya tana ɗingishi, domin dutsen titin ya fara cin ƙafarta. Da hantsi ya ɗaga suka faɗo wani fili da kasuwa ke ci a cikinsa: rumfunan tamfol, masu ganye, masu 'ya'yan itace, mai kifi da ƙanƙararsa, wata mai furanni a ƙarƙashin rumfa ruwan ɗorawa. Can ta saman rufin gidaje wata hasumiya ta miƙe, ana hango mutane ƙanana kamar tururuwa a ƙolinta. Idon Auta ya kafe a kai.

“Me na ajiye a sama?” in ji Yaya tun bai buɗe baki ba. “Je ka. Ni nan zan zauna.”

Ya zaunar da ita a wani bencin dutse. Ya waiwaya ya shaida wurin yadda ya saba: mai furanni a dama, rumfa ruwan ɗorawa, mai kifi a gaba, ga wani mai gemu yana jera kankana. Wannan ko da ido rufe.

“Sauke tulun nan ka bar shi nan,” ta ce.

“In bar miki a sace ki har da shi? Yanzu-yanzu zan dawo. Kar ki motsa.”

“In motsa in je gidan uban wa?”

Hasumiyar da ake gani kamar a miƙa hannu, sai da ya ratsa lunguna kafin ya kai gindinta. Ga layi ya yi gwiwa. Ya tsaya, don ba a san shi da juyawa ba. Da aka shiga, matakalar ta zama murɗaɗɗiya, matsattsiya, mutum ɗaya take ci. Mai gabanka ya tsaya ka tsaya, na bayanka na hura maka iska a wuya, komawa kuwa babu. Jakar tana gogar bango, gwiwa tana ƙara, Auta yana hawa yana salati.

A sama ya ga abin da ya zo gani. Jajayen rufi har iyakar ido, kogi yana sheƙi, jiragen ruwa kamar takalma. Ya ɗauki hoto ta gabas, ya ɗauka ta yamma, ya roƙi wani ya ɗauke shi da jakarsa. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ga ba ta zo tsaka ba, ya ce da saura. Bai san ranar ƙasar nan ba ta hawa tsakiyar kai ba, ta gefe take bi kamar mai jin nauyin surukai. Sai da ƙatuwar ƙararrawa ta buga a saman kansa har haƙoransa suka amsa, sannan ya duba agogon waya. Rana ta raba tuni.

Ya kama hanyar sauka, ita ma bi-da-bi, aka fitar da su ta wata ƙofa daban, a bayan ginin. Bai damu ba. Ya ce ai kasuwa ba ta ɓuya, hayaniyarta ma ta isa. Ya kutsa lungu, ya karya kwana, ya fito wani fili. Benci na dutse, maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya, tantabaru. Ba rumfa ko ɗaya. Ba nan ba ne. Ya koma, ya ɗauki wani lungun, ya fito wani filin. Benci na dutse, tantabaru, mutane suna shan shayi a ƙofar kanti. Ya buɗe hanci yana neman ƙarnin kifi, ba abin da ya shaƙa sai turaren wata mata da ta gifta.

To, a kira ta mana. Ya zaro waya ya danna lambar Yaya, ya kara a kunne. Sai ya ji kiɗan wayarta yana tashi daga bayansa, tsakanin kafaɗunsa.

Ya sauke jakar a tsakiyar hanya, ya ja zif, ya tsaya yana kallon abin da ke ciki kamar wani ne ya zuba. Burodi. Ƙwai. Lemon kwali. Dabino. Abincin da ya kamata a ce yana cikinta tun ɗazu, ga shi nan ya kai shi yawon buɗe ido har ƙolin hasumiya.

Ya san abin da allurar nan take yi in ba a bi ta da abinci ba. Ya taɓa gani a wani taron suna. Yaya tana tsakiyar yi wa mai jego tsiya sai maganar ta tsinke, gumi ya karyo mata, hannu ya hau rawa, ta dubi ƙanwarta ta tambaye ta ko ita wace ce. Da ba a ɗura mata ruwan sukari ba, likita ya ce da sai dai wani labarin. Tun ranar dangi suka san in bakin Yaya ya mutu, a nemo sukari da gudu.

Ya tari wani mai kai abinci a ƙofar kanti da turancinsa na tasha. Ya ce kasuwa. Ya zana rumfa a iska, ya kwaikwayi kifi da tafin hannu, ya shinshina furen da babu. Mutumin ya gane. Ya buga yatsa a kan agogonsa, ya kakkaɓe hannuwa, ya yi alamar naɗe tabarma. An tashi.

An tashi? Kasuwa guda, da rana tsaka? Auta ya tsaya baki buɗe. A duniyar da ya sani kasuwa tana nan inda kakanni suka bar ta, ko an watse rumfuna na tsaye, ƙarnin na nan, mai gadi na nan. A nan ashe kasuwa a mota take zuwa da asuba, a mota take komawa, har mai furannin da rumfarta ruwan ɗorawa.

“Ina? Ina take ci?” Ya ware hannu yana tambaya.

Mutumin ya nuna gabas, ya nuna kudu, ya nuna bayan kantin, ya ɗaga kafaɗa. Ba ɗaya ba ce.

Ya kira 'yarsa, waya a kashe, tana bakin aiki. Ya hango 'yan sanda biyu a kan kekuna, ya ɗaga hannu, ya sauke. Ya ce musu me? Ya ajiye yayarsa a wane fili? Filin mai kankana? Wata budurwa mai irin jakarsa ta ga yana juyi wuri ɗaya, ta buɗe masa taswira a wayarta. Filaye ne birjik kewaye da hasumiyar, kowanne da dogon suna. Da a ce ya ɗaga kai ya karanta allon da ke jikin bango lokacin da yake ƙare wa gemun mai kankana kallo! Ya yi mata godiya, ya saɓa jaka, ya kama gudu.

Gudun tsoho da kaya a baya ba abin kallo ba ne, amma an kalla. Ya shiga lungu ya fita lungu. Sau biyu yana dawowa gaban kanti ɗaya mai 'yar tsana a taga. Kowane benci ya hango da mutum a kai sai zuciyarsa ta yi tsalle, ya matsa ya ga wani tsoho da kare, ko masoya sun manne. Ya fara lissafin da ba ya so. Yaya ba za ta tashi ba, wannan ya sani. Tarbiyyar uwarsu ce: in an ajiye ka a kasuwa, inda aka ajiye ka nan za a same ka, ko sama za ta faɗo. Tana nan zaune. Tambayar ita ce a zaune take har yanzu, ko a kwance. Kuma in ta faɗi, ba fasfo a jikinta, ba waya, ba kalma ɗaya ta yarensu a bakinta. Za a ɗauke ta a kai wani asibiti a rubuta ba a san ko wace ce ba. Matar da ta goya shi.

“Ya Allah,” yake cewa, “ya Allah, ba don halina ba.”

A wata mararraba santsi ya kusa kayar da shi. Ya dubi ƙasa. Dutsen a jiƙe yake, alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Sawun taya ne guda biyu, ɗanye, da ganyen kabeji a manne. Ya bi sawun da ido, ya hango wata 'yar mota mai tanki da burushi a ƙarƙashi tana shan kwana. Motar wanke titi. Ya tsaya yana haki, kansa ya fara aiki. Mai tanki ba ya ɓarnar ruwa a inda ba datti. Inda kasuwa ta ci, can motar ta fito, can kuma za ta.

Ya bi sawun baya, ya kai shi wani fili da aka wanke tas. Benci biyu, ba kowa. Ya zagaya su har yana leƙa ƙarƙashi, kamar Yaya allura ce. Ya juyo da gudu ya bi motar ta gaba, sawun yana bushewa a kan idonsa. Ya rasa shi a kan kwalta, ya tsinto shi a bakin wani lungu. Yana shiga lungun sai ga ruwa yana gangarowa ta tsakiya, da ɓarɓashin ƙanƙara, da ɓawon kifi. Ƙarnin ya daki hancinsa. Bai taɓa jin ƙamshi irin wannan ba.

Filin ya zama fayau, ba za ka ce an taɓa sayar da ko albasa a nan ba. Masu shara cikin riguna masu ƙyalli sun wanke ko'ina, sai wuri ɗaya da suka bari a bushe, suka kashe tiyo suka kewaye shi. A tsakiya Yaya ce, zaune a miƙe, hannuwa a cinya. Wata daga cikin masu sharar ta dafa kafaɗarta, ɗaya hannun da waya a kunne.

“Yaya! Yaya, ga ni!”

Ta dube shi kamar yadda ake duban bango. Mayafinta ya jiƙe sharkaf, leɓenta na rawa. Ba ta ce kunkuru ba, ba ta ce komai ba.

Ya zube a gabanta, ya zazzage jakar a kan dutse. Ya ɗauki lemon kwali, tsinken zuƙar ya ƙi huda, ya lanƙwashe. Mai sharar ta fizge ta farke bakin kwalin da haƙori ta miƙo masa. Ya tallafo ƙeyar Yaya.

“Sha. Don Allah sha. Yaya, ni ne, Auta. Haɗiye.”

Kurɓin farko ya zubo ta gefen baki. Na biyu ya wuce, ya ga maƙogwaronta ya motsa. Ya ci gaba da ba ta kaɗan-kaɗan har kwalin ya ƙare, ya ɓare dabino ya cire ƙwallon ya sa mata. Sai jira. Injin motar wanki yana ta gurnani shi kaɗai. Auta ya riƙe hannunta, sanyi ƙalau, yana murzawa, yana karanto duk abin da ya zo bakinsa.

Can idonta ya fara dawowa. Ya sauka a kan gemunsa, ya gangara kan kayan da ke warwatse a ƙasa, ya komo.

“Ka zubar min da ƙwai a ƙasa,” ta ce, murya can ciki. “Sakarai.”

Auta ya kifa goshinsa a gwiwarta, kafaɗunsa suna girgiza.

Motar asibitin da mai sharar ta kira ta iso. Wata ma'aikaciya ta huda yatsan Yaya ta duba, ta jira, ta sake hudawa, sannan ta gyaɗa kai. Ta nuna burodi ta nuna bakin Yaya. Ta juyo ta nuna jakar, ta nuna Auta, ta yi masa magana mai tsawo. Bai ji kalma ɗaya ba, kuma ba abin da bai gane ba.

Da suka tafi, Yaya tana tauna burodi a hankali, ya ce, “Duk kasuwar nan, abinci ta ko'ina, ba wanda ya ba ki komai?”

“An yi min tayi.”

“To?”

“Mai furannin nan. Da za su tashi ta ga ina gumi, ta kawo min tuffa da wani burodi mai sukari a kai. Na ce alhamdulillahi, na ƙoshi, Allah ya amfana.”

“Yaya!”

“To me zan ce? In wawura daga tayin farko kamar mayya? Ina jira ta sake, in ce a'a, ta sake, in karɓa. Auta, matar nan sai ta yi min murmushi ta mayar cikin kwando! Ta sa a mota! Ina kallo burodin nan ya sha kwana.” Ta girgiza kai. “Mutanen kirki ne, amma ba su da tarbiyya.”

“Da kin mutu fa?”

“Da ka sha bayani wurin 'yarka.”

Ta miƙa hannu ta tsince nata daga cikin tarkacen: wayarta, fasfonta, na'urar gwaji, sauran dabino. Ta ƙulle su a gefen mayafi, ƙulli biyu, ta cusa a ƙugu. Shi kuma ya tattara ragowar ya mayar cikin jaka.

Masu shara suna tsaye da tiyo, wurin nan kaɗai ya rage musu. Yaya ta dafa benci ta miƙe, ta yi wa matar da ta riƙe ta godiya da hannu biyu, har da addu'ar Allah ya raya zuri'a, matar tana ta gyaɗa kai. Auta ya yunƙura zai tashi, gwiwoyin suka ce ba su san zancen ba. Ya sake yunƙurawa ya koma. Tun shayin safe shi ma ba abin da ya shiga cikinsa, ga hawa, ga gudu.

Yaya ta dube shi daga sama. Ta kwance ƙullin da ta gama ɗaurewa, ta zaro dabino.

“Ungo.”

“Na ƙoshi. Naki ne.”

“Ungo, na ce.”

“Yaya, ki bar shi, ke ce mai…”

Ta tura masa a baki. Yana taunawa mutum biyu suka kama shi ta hammata suka tsayar, na uku ya ɗora masa jakar. Suna matsawa aka saki ruwa a kan bencin.